Ranar da Rilwanu Ya Ƙi Sa Baki ga Ƙaho

Da sunan Allah. Rilwanu wanzami ne a Dalijan, gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Shi da wansa Aminu sunka tashi suna aski, suna kaciya, suna ƙaho. In sun tsaga bayan mutum sai su kafa ƙahon saniya, su tsotsa da baki har jini ya taru. Wani lokaci jinin ya haura musu baki, su tofar, su kurkure, shi ke nan.

Sai ciwon hanta ya kama Aminu, cikinsa ya kumbura, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Likita ya ce wa Rilwanu irin wannan ciwo ta jini yake bi. Rilwanu ya je anka auna shi, anka yi masa rigakafi, ya dawo da safar hannu da kofunan roba masu famfo, kuma kowane mutum da sabuwar rezarsa.

Ran kasuwa ga Baffa Sambo daga rugar Dodoru a rumfar Rilwanu, bayansa ya riƙe. Shi ne dattijon makiyayan yankin, inda ya sa ƙafa nan duk suke bi. In ya juya baya, Rilwanu ya rasa rabin mutanensa.

Baffa ya dubi kofunan ya ce, "Kai wanzam, saniya za ka tatsa? Ina ƙahon ubanka?"

"Yana rataye a ɗaka, Baffa."

"Ɗauko. Ko jinina kake ƙyama?"

Rilwanu ya durƙusa ya ce, "Baffa, shekara ashirin ina tsotson bayanka ban taɓa yamutsa fuska ba. Amma marayun Aminu biyar suna wuyana. Bakina ya bar ƙaho har abada."

"Ciwo na Allah ne."

"Na Allah ne. To don mi kake kai shanunka allura?"

Mutanen rumfa sunka fashe da dariya. Baffa ya daɗe yana shafa gemu, can ya tuɓe riga ya ba da baya.

Rilwanu ya sa safa, ya ɓare reza a gabansa, ya yi bisimilla, ya tsaga ya kafa kofi. Da famfo ya ja, tsoho ya zabura.

"Wayyo! Sassauta, ɗan nema! Wanga abu ya fi ka huhu."

Da anka gama, Baffa ya ji bayansa ya saki, bai ko mai da riga ba ya leƙa waje ya ƙwala wa 'yan rugarsu kira, su zo su bi layi.