Kullun Gwaggo Bai Bi Mu Tirwun Ba

Ni na fara kawo maganar sayar da gidan kakanmu da ke cikin gari, wajen Wunti, kuma har yau in aka tayar da zancen sai jikina ya mutu. Gidan ƙasa ne, soro mai azara, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Kowace damina sai an yi yaɓe, kowace damina kuma ni ake kira, kamar ni kaɗai ne jika. Na gaji. Gidajen layin duk sun koma shaguna masu bene, namu ne kawai ya rage a tsugune tsakaninsu.

A zauren gidan nan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, take suyar masa tun kafin a sa ni firamare. Ma'aikatan ofis daga GRA, teloli, 'yan achaɓa, kowa da bencinsa da ya saba. Da yamma za ta kai markaɗen shinkafa, ta haɗa kullu a tukunyar ƙasa, ta tura shi cikin wani alkuki a bangon soro. Kafin asuba ya tashi daidai. Sana'ar nan ita ce cinta, ita ce kuma hirarta, don ba ta da ɗa ko jika.

Da na je mata da maganar, ta daɗe tana juya masa a tanda ba ta dube ni ba.

"To, kullun fa?" ta ce.

Na yi dariya. "Haba Gwaggo, kullu ai a ko'ina ma tashi yake. Zan gina miki shago a Tirwun, jikin gidana, na bulo, har da fanka."

"Kai ka san takarda, ɗan nan," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Aka sayar da gidan. Na gina shagon, na rufa da kwano mai sheƙi, na kwaso Gwaggo, har ina alfahari. Abin da ban sani ba, bangon soron nan ne yake riƙe mata sanyi. Ɗakin kwano kuwa wuni yake shan rana, ya kwana yana amayar da zafi. Safiyar farko kullu ya yi tsami har ya tumbatso ƙasa. Ta ƙara kanwa, masa ta fito ja. Ta rage yis, kullu ya ƙi tashi. Ta naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu, ta gwada binne ta a yashi. Wata uku muna wannan fama, ni ina kawo shawara, ita tana zubar da kullu wa awakin maƙwabta.

Wata Asabar wani tsohon tela, mutumin kudancin jiha da ya shekara da shekaru yana karyawa a zaurenmu, ya hawo keke takanas ya zo. Gwaggo ta zuba masa da miyar taushe, ta tsaya a kansa. Ya ci ɗaya, ya ci rabin ta biyu, ya wanke hannu.

"Mama, hannun naki ne," ya ce a hankali, "amma masan ya canja."

"Na sani, Baba," ta ce. "Ka gaida gida."

Washegari ban ji ƙarar faskaren itace ba. Na leƙa na same ta zaune a kan tabarma, ta wanke tanda ta kife. 

Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗi.

"In za ka shiga gari, ka sayo mini masa. Ta kowa ma."

Na sayo a bakin titi, cikin leda. Ta cinye tas, ba ta ce uffan a kan gishiri ko mai ba, ta yi hamdala ta juya ta kwanta.