Fuskar Ɗan Farina

Ni ba mace ce da ake tambaya "kin gane ni?" ba. A Dudunni kaf, in na ga yaro sau ɗaya zan faɗa maka gidansu da kakarsa. Boko ban yi ba, amma in na buɗe baki da tatsuniya har masu daka sukan aje taɓarya.

Ina shiƙar wake a tsakar gida na faɗi. Aka kai ni asibitin Kankia, aka ce hawan jini ne ya taɓa mini hannu da harshe. Hannuna ya dawo, harshena ya dawo, na ce to Alhamdulillahi. Sai wata mata ta sunkuyo kaina tana kuka, ina ta kallonta, ga ido ga hanci ga baki, amma ban san ta ba. Sai da ta ce "Inna, sannu" na ji ashe ɗiyata ce, autata.

Likita ya ce idona lafiya lau. Wai ido kawo kaya kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ke haɗa fuska da mai ita, kuma ɗan wurin da ke wannan aiki ne jini ya yanke wa. Na ce, "Ɗan nan, a ɗinke shi mana." Ya ce ba ya ɗinkuwa.

Na ɓoye wa mutanen gari. Kowa da sallama yake shigowa, ni kuwa kunnena bai taɓa cin amanata ba.

Mutum ɗaya ne kunnen bai isar mini a kanshi ba, ɗan farina. Mu yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta tsura mishi ido. Kakarsa ta raine shi. Yanzu malami ne a Kusada, yana koyar da Alƙur'ani. In ya zo yakan durƙusa bakin ƙofa, ya gaishe ni can cikin maƙoshi, in amsa ina kallon bango. Da gefen ido nake satar fuskarshi, shi ke nan abin da nake da shi. Muryarshi kuwa ban taɓa riƙe ta ba.

Ranar komawa asibiti, autata ta zaunar da ni kan benci ta tafi bin layi. Wani mutum ya zo ya yi gunaguni cikin hayaniya, ya zauna nesa kaɗan. Na ɗauka mai jiran likita ne. Bakina ba ya zama shiru, na ce, "Bawan Allah, kai ma hawan jinin ne?" Ya sunkuyar da kai. Na ci gaba. Na ce ina da ɗa malami a Kusada, na faɗi sunanshi da bakina, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na ce duk cikin 'ya'yana shi na fi so, kuma tsorona kada in mutu yana zaune gabana ban sani ba.

Autata ta dawo ta ce, "Lah, Yaya, yaushe ka iso?"

Na ja mayafi na rufe kaina. Haka muka koma gida.

Ɗan farina ya daina zuwa, sai saƙo. Na san kunya ce, amma ni ba ni da sauran lokacin kunya. Na aika ya zo. Da ya durƙusa bakin ƙofa na ce, "Shigo. Matso. Ɗaga kanka."

Na kalle shi yadda ban taɓa yi ba. Ga furfura a gemu, ga tabon sujada. Na kama fuskar da hannu biyu, na shafa, na roƙi Allah. Na juya kai na sake juyowa, sai ga baƙo zaune a ɗakina.

Na ce, "To yi mini magana. Ko mene ne. Kada ka yi shiru."

Ya ce, "Inna, me zan ce?"

Na ce, "Sake faɗa."

Yanzu duk Juma'a yana zuwa, in sa shi ya ba ni labarin gona da farashin taki, yana yi yana kallon ƙasa. Ina tara muryar kamar mai tsintar hatsi. Amma in ya yi shiru ya sha ruwa, sai in ce, "Kana nan?"