Inuwa a Inda Babu Bishiya

Zan fara da neman afuwa, domin abin ya kai shekara shida ko bakwai, kuma mai yiwuwa na cakuɗa wasu ƙananan abubuwa, kamar ranar da ya faru ko daɗewar da na yi ina tafiya. Amma gundarin labarin, wallahi tallahi da ni ya faru, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Bayan na gama digiri a ilimin halittu na zo Dubai, na zauna a Al Warsan tare da wasu 'yan gida, har wani ƙaramin kamfani mai shirya wa yara sansanin hutun bazara ya ɗauke ni aiki. Wanda ya san zafin ƙasar nan ya san ba a wasa da shi, don haka da an idar da sallar asuba muke kwasar yaran a bas zuwa bakin sahara, kafin takwas da rabi mun juyo. Ni aikina koya musu sawun dabbobi: wannan na dila ne, wannan na barewa, wannan jan wutsiyar damo ne.

A cikin yaran akwai Safiyya, 'yar shekara bakwai, 'yar wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya, a Al Buteen. Ba ta da surutu, amma duk abin da na faɗa sai ta riƙe shi kamar karatun allo. Ran nan muka ga sawun damo, na ce musu, cikin raha fa, duk wanda ya bi sawu da haƙuri sai ya kai shi ƙofar gidan mai shi. Har yau idan na tuna maganar nan gabana sai ya faɗi.

Muna shirin shiga bas, abokiyar aikina, wata 'yar Sudan, tana ta “yalla, yalla”, wato a yi sauri, sai ta juyo ta ce min ina Safiyya. Innalillahi! Nan take na san inda ta nufa, na kuma san bakina ne ya tura ta. Na ce ta kira 'yan agaji ta tsare sauran yaran a cikin bas, na ɗauki gorar ruwa na ruga.

Da farko ina ganin sawun takalminta kusa da na damon, sai iska ta taso, ba mai ƙarfi ba, amma kafin in haye tudu biyu ta shafe komai tas. Na tsaya ina ƙwala kiran sunanta, rana tana ta hawa, yashi ya fara dafa min ƙafa ta cikin takalmi, ni kuwa na karanta abin da irin zafin nan yake yi wa ƙaramin yaro, na san ba a daɗewa. Ina jin kuka nake a lokacin, ban tabbata ba.

Sai na sunkuyar da kai na ga sawu a gefena. Sawun babban mutum ne, ba takalmi, siriri, da alamar sanda a gefen dama. Daga daidai inda nake tsaye ya fara, babu ko ɗaya a baya. Ku dai yi tunani, wa zai taka yashin nan ba takalmi a wannan lokaci? Kuma iskar da ta share na yarinyar ba ta taɓa shi ba. Na yi bismillah na bi.

Zan ce na yi tafiyar minti goma, ko ƙasa da haka. Bayan wani tudu na hango ta kwance, ta yi matashi da hularta. Babu bishiya a wurin, babu dutse, sama kuma tas ba ko ɗigon gajimare, amma wallahi Safiyya a cikin inuwa take, inuwa kamar faɗin tabarma, kamar wani ya ware mayafi a kanta. Da na durƙusa na dafa yashin, sanyi na ji. Sawun kuma daidai kanta ya ƙare.

Ta buɗe ido ta ce, “Malam, ban ga gidan damon ba.”

Na ce, “Ba komai, 'yar Alhaji, sha ruwa.”

Ina ɗaga ta inuwar ta ɗauke, zafi ya rufto mana gaba ɗaya.

A asibiti likita ya ce jikinta ya ɗan rasa ruwa ne kawai. Da Alhaji ya iso na tare shi a bakin ƙofa, na gaya masa maganar da na yi wa yaran, na ce laifina ne, duk hukuncin da ya ga dama ya yanke. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Haba Malam, kai da ka bi ta cikin wutar nan? Khalas, magana ta ƙare, Allah ya riga ya tsare. Zo ka zauna, kai ma likitan ya duba ka, ka ga idonka kuwa?”

Muna zaune Safiyya ta ce wata tsohuwa ce ta hana ta tashi, ta ce ta kwanta, malaminta yana zuwa. Alhaji ya tambaye ta ko da Hausa ta yi maganar, ta ce ba ta sani ba, ita dai ta gane. Ni kuma na tambaya ko tsohuwar ta tafi ta dawo. Ta girgiza kai ta ce, “A'a, tana tsaye a kaina har kuka zo. Ba ku gaishe ta ba ma.”

To idan ba ta gusa daga wurin ba, sawun wa na bi?

Na san zafi yana sa mutum ganin abin da babu, kuma ba zan yi musu da wanda ya ce haka ne ba. Ni dai abin da na gani ke nan. Shawarata ga duk mai aiki da yara, ya auna maganarsa ko da wasa yake, domin su da gaske suke ɗauka. Idan kuma akwai wanda yake cikin bas ɗin nan ranar, ko cikin 'yan agajin da suka tare mu a hanya, ya ga na yi kuskure a wani wuri, don Allah ya aiko min da gyara. Musamman idan shi ma ya ga sawun.