Takabar Malamar Aji Huɗu

Na daɗe ina shugabancin wata firamare ta gwamnati a Hayin Banki, kuma abin da na fi taƙama da shi a lokacin shi ne malamaina mata ba sa barin aiki. A wasu makarantun, mace ta haihu sau biyu sai a neme ta a rasa. Ni kuwa tabarma na shimfiɗa wa jarirai a ofishina, wanda ya tashi da kuka in goya shi ina cike takardu. Wadda mijinta ya fara ƙorafi, da ƙafata nake zuwa in same shi. Ina da baki, na kuma san ina da shi. Bakin nan nawa ne ya ci aikin malamar da ta fi kowa a makarantar.

Ita ke riƙe da aji huɗu. Yaran sun fi ƙarfin bencunan ajin, rabinsu a ƙasa suke zama, amma in ka wuce ta tagarta sai ka rantse ba kowa a ciki. Da murafun kwalba take koyar da lissafi, yaron da ya zo mata bai san raba goma gida biyu ba, kafin hutu ya iya. Mijinta direba ne, Bakatsine, yana lodi daga Kawo. Wata Laraba ya fita da fasinja, gawarsa aka dawo da ita. Ya bar mata 'ya'ya uku da mahaifiyarsa a ɗaki biyu na haya a Unguwar Shanu.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Na rubuta mata takardar hutu na kai ofis, muka raba ajinta tsakaninmu. Tana cikin wata na biyu takarda ta zo daga sama: za a tantance malamai, kowa ya je da kansa, da takardunsa na asali, ya dangwala yatsa a na'ura. Kwana uku aka bayar.

Da aka tashi daga makaranta na hau Keke zuwa gidanta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta rame, ba kwalli ba ɗan kunne. Surukarta na zaune a bakin ƙofa da carbi. Ina gama bayani tsohuwar ta ɗago kai.

"Mai takaba ba ta hita, ɗiyata," ta ce. "Ɗana ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, a ga matatai cikin maza a ohis? Mi mutane za su ce?"

Ta fashe da kuka. Malamar ba ta dubi tsohuwar ba, ni ta duba.

"Hajiya, in zo?" ta tambaye ni a hankali.

Na san amsar. Na sha ji a wurin malaman addini cewa mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama, kuma wace lalura ce ta wuce abincin marayu uku? Amma ni da na yi tawa takabar ko zaure ban leƙa ba, kuma na daɗe ina ba da labarin da alfahari. Ga tsohuwa tana kuka. Ga kuma ni, wadda ke ganin babu ofishin da zai gagare ta a garin nan.

"Zauna abinki, Malama," na ce. "Ba ni takardunki. Wa zai ce mini a'a a wurin nan? Inna, ki share hawayenki, ba inda za ta."

Tsohuwar ta yi ta sa mini albarka har bakin titi, ni kuma ina jin daɗi.

A rana ta biyu na je wurin tantancewar. Bayan na gama tawa, na ajiye takardunta gaban wani matashi da ke zaune da kwamfuta. Ya saurare ni da ladabi har na gama.

"Mama, wallahi na tausaya," ya ce, "amma na'urar nan yatsa ta sani, ba ta san takarda ba. Gobe ne ƙarshe. Ki kawo ta ko minti biyar ne, ni zan sa ta a gaban layi."

Na fito raina a ɓace, wai yaron da na isa in haifa yana koya mini aiki. A baranda na ci karo da wani babban jami'in wurin da muka yi kwaleji tare. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, mai takaba? Ai za a sake zagaye don marasa lafiya da irinsu. Kada ki damu."

Maganganu biyu ke nan a hannuna, na zaɓi wadda ta yi mini daɗi. Komawa Unguwar Shanu na nufin in tsaya gaban tsohuwar nan in lashe abin da na faɗa jiya, in ce ashe akwai wanda zai ce mini a'a. Ban koma ba. Ko waya ban yi mata ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Ba a sake wani zagaye ba. Da jerin sunaye ya fito, nata yana cikin waɗanda aka kira malaman bogi, wato waɗanda babu su sai a takarda. Matar da muryarta ta dushe a ajin nan, wai babu ita.

Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya cinye. Wannan ya ce oga ya fita, wancan ya ce a rubuto, na rubuta, aka ce fayil ya hau sama. Wanda ya ce kada in damu ya daina ɗaukar wayata. Duk wannan ban gaya mata ba. Nakan je gaishe ta da ɗan omo da sabulu, ta ce albashi bai shigo ba, in ce ai kin san halinsu da jinkiri. Ƙarya nake yi wa mai takaba a cikin ɗakin mijinta, ina fatan in gyara kafin ta fito.

Ta fito ranar wata Litinin. Ta yi lalle, ta sa sabuwar atamfa da 'yan'uwanta suka ɗinka mata ta fitar takaba. Tun daga bakin ƙofar makaranta yara suka yanyame ta suna ihun Malama ta dawo. Ta shigo ofishina tana murmushi, ta gaishe ni, ta jawo rajistar malamai za ta sa hannu. Na dafe littafin.

Na gaya mata komai, har maganar matashin nan da minti biyar ɗinsa. Ban rage ba, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon lallen hannunta. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya," ta ce, "ranar nan da kika zo, na riga na ji labarin tantancewar, har na goge hijabina. Inna ba za ta ji maganata ba, amma za ta ji taki. Shi ya sa na tambaye ki."

Ta roƙi in bar ta ta shiga ajin, na bar ta. Sati uku ta yi tana koyarwa ba ko sisi, tana tahowa a ƙafa daga Unguwar Shanu, muna jiran fayil ya sauko. Bai sauko ba. Ƙanin mijinta ya zo ya ce ba zai iya riƙe gida biyu ba, ya kwashe su duka zuwa ƙauyensu a ƙasar Katsina, inda makaranta mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa.

Ranar da za su tafi ta biyo ta karɓi takardunta. Na ce zan ci gaba da bin maganar, ta bar mini ko kwafi ne, ni na san wanda zan gani. Ta ɗaure takardun a leda, ta sa a jaka, ta ja zif.

"A'a Hajiya," ta ce. "Ki bar shi haka. Allah Ya saka da alheri."

Na raka ta bakin titi, ta hau mota. Ban sake jin ta riƙe alli ba.