Baba Mayar da Tagar da Ta Ƙi Rufuwa

Manaja, kai ka yi wa dattijon nan ƙazafi, kuma a gabana ka yi. Ina bakin ƙofa da tsintsiyata ka ce wa masu kamfani wai ɓarnar da ke cikin kwamfutoci tsohon aikinsa ne. Ƙarya kake yi.

Ni ban yi boko ba, shara nake yi a ofishin nan tun gashina yana baƙi. Kullum ni da dattijon muke fara isowa. Sai ya rataye hula a jikin kujera, ya goge tabarau da bakin riga, ya ce, "Iya, ke share ƙasa, ni in share ciki." Wata rana na ce cikin me? Ya ce kamfanin nan kayan haɗa tagogi yake rubutawa, irin tagogin da ke buɗewa a fuskar kwamfuta, wasu su ɗauka su gina manhajarsu. Kowace taga in za ta buɗe sai ta ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, in ta rufe a mayar. "Wanda ya ara shi ke mayarwa, sau ɗaya, kuma sai taga ta gama da wurin." Shi ya sa ma'aikata ke ce masa Baba Mayar. Sukan tsokane shi, "Baba, ko biro aka ara sai ka bi sawu?" Ya ce, "Biro ba ya fatalwa."

Duk sun shaida ranar da aka matsa a fitar da aiki ya ƙi. Ya zauna yana buɗe taga guda yana rufewa, shayinsa ya huce, har ya gano inda wuri ke maƙalewa. Ba wanda ya tafa masa. Irin aikin da in an yi shi daidai ba a ganin komai.

Yana yin ritaya, kai Manaja ka ce bin sawun nan ɓata lokaci ne, kowa ya mayar da wuri da ya ga dama. Ma'aikata suka riƙa mayarwa alhali taga ba ta gama ba.

Ɗiyata ta yi aikin karɓar baƙi a nan, bara Allah ya yi mata rasuwa. Hotonta yana nan cikin kwamfutar teburinta. Rannan da hantsi ina goge teburin, wata taga da aka rufe ta dawo da kanta. Rabin fuskar ɗiyata ce, ido ɗaya da gefen ɗankwali, a kan sunan wani ƙato daga cikin baƙi. Tana kallona. Sakatariya ta rufe, ta dawo. Ta sake rufewa, ta dawo da bakin kaɗai, kamar za ta yi magana. Tsumman ya faɗi daga hannuna.

Da labari ya kai wa Baba Mayar, da sandarsa ya zo. Ya zaunar da ni a benci ya ce, "Iya, ba ita ba ce, tana makwancinta. A wurin da aka mayar tun taga ba ta gama ba aka sa hotonta, taga kuma tana ta leƙawa, tana zaton nata ne." Ya roƙi a bar shi ya gyara. Kai Manaja ka ce wa maigadi kada ya bar shi ya wuce ƙofa.

Baba Mayar, kai ne mai rufe abin da wasu suka buɗe suka manta. Kai ne ka dube ni kamar mutum ranar da wasu ke dariya a bayan hannu. Na gode, Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske. Ku masu tasowa a aikin nan, ku koyi halinsa, kada gaggawa ta sa ku tono wa wata uwa kabari.

Har yau tagar tana dawowa, kuma ni ke goge teburin. Masu kamfani, ku tara ma'aikata, ku tsayar da Manaja a tsakiya, ya faɗa da bakinsa wa ya ba da umarnin nan, kuma don me aka tsare mai gyara a bakin ƙofa. Ya amsa ina tsaye.