Sai An Kifa Kofi

Shekarar da wani matashi ya buɗe teburin shayi a tsallaken titi, daidai saitin nawa a bakin tashar Rano, na ga rayuwa. Ya zo da janareta da talabijin mai faɗin ƙyauren shago, ƙwallo safe da yamma. Kafin wata ya ƙare majalisata duk ta tsallaka. Mutanen da na daɗe ina soya wa ƙwai, har na san wanda ba ya son albasa, suka koma ɗago mini hannu daga nesa kamar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe. Bencina akuyoyi suka gaje shi. Ƙudaje ma sun rage zuwa, wallahi, su ma sun gane inda ake zubar da madara.

Matata ta ce in sayar da tebur mu koma gona a Saji. Na ce mata gona ba inda za ta, amma ni da tashar nan sai dai a ɗauke ni haɗe da benci.

Ina da kawu a Kibiya, ƙanin mahaifiyata, wanda aka tura Rasha koyon gyaran tarakta yana saurayi. Tarakta dai ba mu ga wadda ya gyara ba, amma labarin sanyi da shayi mun sha shi tun muna yara. Ya dawo da wata tukunyar ƙarfe mai ƙafafu da ɗan famfo a gindi, wai samoba. Na hau mashin na same shi bayan la'asar. Tukunyar tana kan sif a ɗakin matarsa, an cika ta da busasshiyar kuɓewa.

Ya sa aka zazzage, ya zaunar da ni. Ya nuna mini bututun da ke tsakiya, ya ce nan ake zuba gawayi, wuta a ciki, ruwa ya kewaye ta. A saman bututun ake ɗora ƙaramar buta cike da ganyen shayi mai kauri kamar baƙin mai. Kowa a ɗiga masa kaɗan a kofi, a buɗe famfo a tsinka da ruwan zafi daidai ƙarfinsa. Sukari ba a narkarwa, ƙwaya ake dannewa da haƙori, shayi ya bi ta kanta ya wuce. In ya yi zafi a juye a faranti a kurɓa. Wuta kuwa da dogon takalmin fata ake hura ta, a kifa bakinsa a kan bututu a yi ta matsawa. Babbar doka ita ce ba a sha a tsaye, kuma muddin baƙo bai kifa kofinsa ba, mai gida zai ci gaba da cikawa.

Ya ba ni aro zuwa kaka, har da tsohon takalminsa. Ya ce in majalisa ba ta dawo ba, zai aiko a ɗauko kayansa, kuma kada ya ji na saka madara.

Ranar farko rabin tasha suka kewaye ni. Wani direba ya rantse injin walda ne. Ina ɗauko takalmi na kifa a kan bututu, sai na ga mutane suna ja da baya kamar na fito da maciji. Wani dattijo ya tambaye ni ko ƙafar Kawu na cikin kayan haɗin. Na jefa takalmin ƙarƙashin tebur na ɗauko mafici. Bafulatanin da ke kawo mini madara ya kurɓa sau ɗaya, ya ce wannan ai shayin mai zazzaɓi ne, Allah ya ba ni lafiya. Wani ɗan acaɓa kuma ya faki idona ya tsiyayi na ƙaramar buta zalla ya shanye. An ce ranar har Rurum ya je ya dawo bai tuna ya ɗauki fasinja ba.

Aka watse, aka bar ni da tukunya tana huci. Washegari na sake hura ta, haka jibi, haka gata, ina shan abina ni kaɗai ina gumi.

Akwai wani Alhaji, dillalin hatsi, shi ne uban majalisar. Inda ya ajiye buzunsa nan kowa ke zama. Wata safiya ya tsallako don ya yi mini dariya, ya ce in ɗan ba shi maganin Turawan nan ya ɗanɗana. Na share benci, na ce a Rasha ba a sha a tsaye. Ya zauna. Na koya masa danne sukari, na koya masa faranti. Maganar kifa kofi kuwa na riƙe ta a cikina.

Ya shanye ya ajiye, na cika. Ya kalle ni, ya kalli kofi. Mu kuwa a nan abin da aka ajiye a gaban dattijo ba ya mayarwa, balle a gaban jama'a. Ya shanye, na cika. Ya cire hula, na cika. Ya cire babbar riga, na cika. Masu kallon ƙwallo suka fara juyowa, suka tsallako ɗaya bayan ɗaya, ana ta Alhaji kada ka bari Rasha ta kayar da Rano. Gumin da ya zuba a ƙarƙashin bencin nan, da an shuka shinkafa da ta fito.

Can ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Kai ɗan nan, don girman Allah, ta ina ake kashe ka?"

"Alhaji, ai kofin za ka kifa."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe."

Ya kifa shi da ƙarfi, ya zage ni tas, ya nufi bayan tasha da sauri. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kashe kaina. Washegari da sassafe sai ga shi da buzunsa, yana janye da wani abokinsa daga Nariya. Ya ƙifta mini ido ya ce in ba baƙonsa shayi, kuma kowa ya yi shiru. Tun daga ranar duk wanda aka kama sai ya nemo wanda zai kama. Mai jiran a kama wani kuwa dole ya zauna, in ya zauna ya nemi burodi da ƙwai, hira ta ɓalle.

Da kaka Kawu ya zo da kansa. Ya tarar da gwangwanin madara a jikin tukunyarsa, ya yi ta faɗa wai na lalata al'adar mutane. Ya nemi wurin zama a benci ya rasa, sai kan buhun gawayi aka ba shi. Na miƙa masa baƙin shayi da ƙwayar sukari. Har aka kira azahar bai kifa kofinsa ba, kuma shi kaɗai ya hau mashin ya koma Kibiya, ya bar mini tukunyar.