Na Yi Ta Gasa Hannuwana, Ashe Ba Sanyin Jego Ba Ne

Tun ina da cikin fari nake tsoron sanyi. Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Kwoi, karatuna bai wuce firamare ba, aure ne ya kawo ni Kafanchan. Mamata ta rasu ina ƙarama, don haka kullum tunanina shi ne wa zai yi mini wankan jego yadda ya kamata. A wurinmu an ce macen da ba ta gasu ba, sanyi yana shiga ƙashinta ya kwanta yana jira. Da na haihu uwar mijina ta zo ta yi iya ƙoƙarinta, amma lokacin tonon citta ne, ba a ƙarasa wankan ba ta koma gona.

Yaron bai fara zama ba hannuwana suka soma ciwo. In na tashi da safe yatsuna sun sandare, dama da hagu iri ɗaya, gaɓoɓin sun kumbura suna ɗumi. Sai rana ta ɗaga kafin in iya riƙe cokali. Ban yi mamaki ba, na ce abin da nake tsoro ne ya iso. Matan zumunta a coci ma haka suka ce. Wata mama har da dariya, wai mu 'yan yanzu ba mu son zafin ruwa, sai hoda da waya. Sai na koma gashi safe da yamma, ina shafa man zafi, ina shan citta, ina sayen maganin ciwo a kemis. Gaskiya ruwan zafin yana sassauta mini na ɗan lokaci, kuma shi ne ya ruɗe ni. Da mijina ya kawo maganar asibiti na ce masa ya bari, ciwon mata ne. Haka damina ta zo ta wuce.

Wata Lahadi muna shirin coci na goya yaron, na ɗaure zani, ashe yatsuna ba su ja shi ya kama ba. Ina fita ƙofa na ji yana sulluɓewa ta bayana. Na durƙusa da sauri, ya sauka a kan yashi yana ihu. Bai ji ciwo ba sai ɗan ƙujewa a gwiwa. Amma na miƙa hannu in ɗauke shi, hannun ya ƙi rufuwa. Maƙwabciyata ce ta ɗaga shi, ni ina durƙushe ina kallo.

Washegari ni da mijina muka je asibiti, aka ɗebi jinina, aka tura mu wani babban asibiti wurin likitar gaɓoɓi. Ta lallatsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan ba shi da haɗi da wanka. Da ta ga Turancin ya wuce ni, sai ta tambayi aikin iyayena, na ce noman citta. Ta ce to na san yadda ake gutsura iri ɗaya a shuka, duk abin da ya fito kamar uwar yake. A cikin jini akwai ƙananan sojojin jiki da ake kira T, kowanne da irin cutar da ya sani. In ya gamu da ita, sai ya yi ta hayayyafa, kowane sabo sak na farkon, don su taru su ci ƙarfinta. A jikina wasu sun yi kuskure, suna kallon gaɓoɓina kamar abokan gaba. Irin nasu suka yi yawa, suka cika gaɓar, suna kiran wasu, shi ne kumburin da ke cin wurin a hankali. Na tambaye ta me na yi ya jawo haka. Ta ce ba laifina ba ne, ciwon yakan taso wa mata bayan haihuwa, su kansu likitoci ba su gama gane mafarinsa ba.

Ta ɗora ni a kan maganin da ke kwantar da sojojin nan, ta ce sai na yaye yaron saboda maganin, kuma kada in ɗauki ciki ba mu yi shawara ba. Ina komawa gwajin jini, kumburin ya sauka, na gode Ubangiji. Sai dai yatsu biyu a hannuna na dama sun karkace, ta ce da na zo da wuri da wataƙila an tare. Yanzu ina iya ɗaure zani ya kama, amma yaron ya yi ƙafa, in na juya masa baya zan goya shi sai ya gudu.

Abin da na koya, jin sauƙi ba warkewa ba ne. Ina roƙonku, in mai jego ta ce hannuwanta biyu suna sandarewa da safe, kada ku tsaya gardamar wanda bai gasa ta ba. Ku riƙe mata yaron, ku kai ta a duba jininta.